Gaisuwa Ta Cinye Batir

Kunnena ne ya fara aje aiki, tun kafin gwiwa da haƙora. Bai nemi izini ba, bai yi sallama da kowa ba. Wata safiya na ga zakara ya hau danga ya miƙe wuya, bakinshi wangame, amma abin da ya iso gare ni wani ɗan siririn sauti ne kamar daga ƙasan rijiya. Na ce Allah sarki, zakaran nan ya tsufa. Na yi ta yi mashi uzuri har damina ta wuce, sannan na lura ladan ma ya tsufa, jakin maƙwabta ma ya tsufa, garin duka ya koma magana da leɓe.

A san tun farko ni mutum ne mai ilimi. Na yi lakwal har aji huɗu, kuma ba jahilci ya fitar da ni ba. Gero ne ya nuna, babana kuwa ya fi mushe, malamin ajinmu, ƙarfin murya. Da wannan ilimin na yi falanto a wani biro a Mayahi shekaru masu yawa, ina kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan, ina ce wa manyan mutane su jira. Ina karanta boko in harufan sun tsaya da ƙafafunsu. Ina rubutu da hannu, a hankali, da harshe waje. Faransanci kuwa ina da na buɗe ƙofa da na rufe ta. Da na aje aiki sai na komo ƙauyenmu cikin ƙasar Korgom, ni da mai ɗakina, muka ce nan za mu ƙarasa. Ita ta cika alkawari, ta riga ni. Samarina biyu suna bida, wato ci-rani, ɗaya arewa ɗaya kudu. In sun kira salula sai in ɗora ta a kunne in yi ta cewa “to, to, madalla” har in ga hasken ya mutu. Wata rana ashe ɗayansu cewa yake an sace mashi moto, ni ina ta madalla.

Saura ɗiyata ta fari. Ita kuwa kun san yadda abin yake. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba, tabarma ɗaya ba ta taɓa haɗa mu ba. Ana yaye ta uwata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Da ta yi karatu ta zama mai yi wa dabbobi allura a Tasawa, sai na samu abin kiranta: ma'aikaciya. In ina da magana da ita, mai ɗakina nake gaya wa. Ita ma tana da tata kunyar, amma mata suna da ƙofar baya: su ba juna baya a madafa, kowace ta yi magana da tukunya, saƙo ya isa. Da mai ɗakina ta tafi, ƙofar ta tafi da ita. Ma'aikaciya takan zo, ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, in amsa ina kallon rumbu, ta aje mani shayi da sukari da maganin gwiwa, ta koma.

Mutum ɗaya ta rage da nake ji, taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda gidanta ke manne da nawa. Muryarta ko dutse sai ya waiga. Tun muna yara take ce mani bawanta, tunda ni ɗan mace ne, kuma har yau ba ta 'yanta ni ba.

Farkon bazara aka yi wa ma'aikaciya sauyin wurin aiki, aka jefa ta gabas, can bayan Damagaram, inda mota ke kwana bisa hanya. Ta zo sallama bisa kabu-kabu da jaka a goye. Ta kira gwaggonta, wato taubashiyar tawa, suka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin iccen bedi, ni ina gefe bisa kujerata ina gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Ta fiddo ordinatar biyu, wato kwamfuta, ta aje.

Irin waɗanda ake lanƙwasawa ne. Ka buɗe ta kamar littafi, ga maɓallai ga gilashi. Ka ci gaba da turawa har ta naɗe ta baya ta koma allo, ka ɗauki alƙalaminta ka yi rubutu bisa gilashin kamar ardwaz, ɗan allon 'yan lakwal. Don wannan ne ta kawo su. Maɓallai ba su karɓe ni ba, wanda ya jera su bai yi ko aji ɗaya ba, daga A sai Z. Amma alƙalami na san shi, ya san ni.

Taubashiya ta matso ta sa baki cikin kunnena na hagu.

“Bawana! Ta ce tunda kunnenka ya mutu ya bar ka, ga abin magana. Ita ta rubuta can, ya hito nan. Kai ka rubuta nan, ya hito can. Ka zaɓi guda, ta tahi da guda.”

“Ki gaya mata,” na ce wa igiya, “ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba na karɓar kaya sai na yi bincike.”

“Gwamnatin da ka yi wa sharar ƙohwa? Yi bincikenka.”

Bon. Ni duk abin da na sani game da zaɓe a kasuwar shanu na koye shi, sai na bi su yadda Fulani ke bin saniya: haƙori, ƙafa, ido. Tsohuwar ita ce ma'aikaciya ta yi shekaru tana yawo da ita rugga-rugga. Tana da nauyi, gefenta ya koɗe daidai inda hannu ke riƙewa, kusurwar gilashin ta tsage inda wani bijimi ya nuna ra'ayinshi game da allura. In an lanƙwasa ta sai ta yi ƙara. Kunnena bai ji ba, amma tafin hannuna ya ji, irin abin da gwiwata ke yi in zan yi sujada. Alƙalaminta an ɗaure shi da zaren buhu, bakinshi ya cinye, sai ka danna kamar mai sassaƙa turmi.

Sabuwar kuwa karsana ce. Siririya, ba nauyi, ta naɗe ba gardama. Alƙalaminta ba zare, kana kai shi gefenta sai ta cafke shi da kanta. Gilashinta ko cikin rana ana ganin rubutu tar. Na ja layi ɗaya bisa kanta, alƙalamin ya sulale kamar yatsa cikin man shanu. Na sake ja, wai ina gwaji. Na ja na uku, taubashiya ta buge mani hannu ta ce ba gonar ubana ba ce da zan yi ta yi mata kunya-kunya.

Ma'aikaciya ta yi magana, kanta sunkuye, tana kallon tabarma. Taubashiya ta kwaso ta zuba mani.

“Ta ce tsohuwar batirinta ya gaji. Sai an kai ta Korgom wurin mai babban pano, farantin nan mai shan hasken rana, kuma ko an cika ta ba ta daɗewa. Sabuwar, ɗan panona na salula ma ya ishe ta, ta wuni tana aiki. Ka ji, ko in sake?”

“Na ji. Ki gaya mata sabuwar nan ban yarda da ita ba. Ko tabo babu a jikinta. Ba ta taɓa zuwa ko'ina ba, ba a san halinta ba.”

“Kai da ke da tabo ko'ina, ina ka je? Mayahi!”

Na ga kafaɗar ma'aikaciya ta motsa. Dariya take, ta ɓoye ta cikin mayafi.

A nan sai in yi bayani don yaran yanzu su ƙaru. Sabuwar nake so. Tun layin farko nake sonta, kuma kowa a tabarmar nan ya san haka. Amma uba ba ya miƙa hannu ya ɗauki mai kyau daga hannun ɗiyar fari. Abin yana da tsari. Ni in kushe sabuwar, in yabi tsohuwar, in rantse tsohuwar ta ishe ni. Yarinya ta yi shiru, don ba ta jayayya da ni. Sannan taubashiya ta zage ni tas, ta fizgi sabuwar ta jefa mani bisa cinya, ta ce ita ta yanke, bawa ba ya da zaɓi. Ni in yi gunaguni in karɓa dole. Kowa ya tashi da mutuncinshi. Aikin taubashi ke nan, ba don ado aka aje su kusa da mutum ba.

Muna tsakiyar tsarin, na gama kushewa ina cikin yabo, sai wata mata ta leƙo ta danga tana ɗaga hannuwa. Ashe tumakin taubashiya ne suka ɓalle suka afka wa harawar mutane. Ta zabura ta ɗebi takalma a hannu, ta ce kar kowa ya motsa, yanzu za ta komo.

Ba ta komo ba. Rigimar harawa ta kai su gaban mai gari.

Muka zamna. Inuwar bedi ta janye daga ƙafafuna. Mai kabu-kabu ya leƙo daga zaure, ya nuna rana, ya koma. In ba su tashi ba motar Tasawa za ta bar ta. Na yi ta gyaran igiya har ta fara lalacewa da gaske. Can sai na ga hannu ya turo sabuwar gabana. An yi rubutu bisa gilashin da manyan harufa tsayayyu, irin waɗanda nake iya karantawa:

“Baba, wace?”

Tun da aka haife ta, wannan ne karo na farko da ta tambaye ni wani abu ba ta bakin kowa ba. Na daɗe ina kallon rubutun. Ashe haka take yin B ɗinta, da ƙaton ciki. Na duba ƙofa ko taubashiya za ta ɓullo. Ba kowa sai kaza. Kuma na tuna can gabas daji ne, ita ce za ta tsaya cikin rana tsakanin shanu tana rubutu. Na ɗaga sandata na taɓa tsohuwar.

Da ɗiyar wani ce mara tarbiyya, da ta yi gardama. Tawa uwata ce ta rene ta. Ta ɗauki tsohuwar ta haɗa ta da salulata, ta nuna mani da yatsa inda zan taɓa shafin ya buɗe, ta maimaita har na iya. Ta rubuta mani cewa kowace washegarin kasuwa, da hantsi, za ta buɗe nata shafin ta jira ni. Ta sa sabuwar cikin jaka. Ta durƙusa, leɓɓanta suka motsa, na ce wa rumbu Allah ya kiyaye hanya.

Da la'asar taubashiya ta shigo tana huci, ta ga abin da ke bisa cinyata, ta tsaya cak.

“Wace wannan?”

“Wadda bincike ya nuna.”

“Ban ce kar ka motsa ba? Kai, Allah ya haɗa ni da bawa. Kunne babu, ashe kan ma babu. Tsoho ya ɗauki tsohuwa, sai ku zamna ku yi ta yi wa juna sannu.”

Haka muka fara. Ranar kasuwa in naɗe ta cikin tsohon zanen mai ɗakina, in hau amalanken maƙwabci, mu bi yashi har Korgom. Mai pano ya jona ta cikin tarin saluloli, ita kaɗai babba kamar raƙumi cikin awaki, ni in zamna bisa dakali in yi kallon bakunan mutane har yamma. Kafin gari ya waye ta zubar da wani kaso na abin da ta sha, haka nan, tana kwance. Da hantsi in haura tudun da ke bayan rumbuna, inda rezon salula ke yarda ya sauka, in zamna gindin wani gawo, in lanƙwasa ta, in taɓa inda aka ce in taɓa.

Sai rubutu ya fara fitowa shi kaɗai bisa farin shafi, harafi bayan harafi, kamar jerin tururuwa. Ranar farko sai da na yi a'uziyya.

“Assalamu alaikum. Baba ina kwana.”

Ni kuwa ba a yi mani gaisuwa in amsa rabi. Na danna alƙalami na sassaƙa amsar sallama da dukan harufanta. Lafiya lau. Ta tambayi gajiya, na ce babu. Ta tambayi gida, ta tambayi gwiwa, ta tambayi gwaggo, ta tambayi zafi. Kowace na ba ta haƙƙinta. Sannan nawa ya zo, don ko ɗiyar fari ce ba a barin gaisuwa ta tafi da ƙafa ɗaya: ina aiki, ina baƙunta, ina mutanen wurin. Alƙalamin yana tsallake harufa, in koma in cike. Na kai “madalla” ke nan, na ɗaga hannu ina tunanin abin da zan fara da shi, sai gilashin ya yi baƙi ƙirin. Na ga wani tsoho da hula a karkace yana kallona daga ciki.

Na ce yau ne kawai, rashin sabo ne. Kasuwa ta zagayo, aka sake. Wata ta zagayo, aka sake. Wani lokaci mukan kai “ina mutanen wurin”, wani lokaci ko gwiwa ba mu wuce ba. Na gwada sauri, rubutun ya koma sawun kaji, ta rubuto “ban gane ba Baba”, wannan ma ya ci nashi batirin. Na kai ƙara wurin mai pano. Ya juya ta ya duba ƙasanta, ya nuna ta, ya nuna gemuna, ya buɗe hannuwa.

Ba wata babbar magana gare ni ba. Katangar ɗakin uwarta ta tsage da ruwan farko, ina so in ji ko a gyara ko a bari. Akuyar da marigayiya ta bari ta haifi biyu. Na iske wani ƙullin irin kuɓewa cikin tukunya, ban san ko yana da rai ba. Irin abubuwan da da can nake faɗi da yamma ba tare da na lura ina faɗi ba, wani ya ce “uhm” daga madafa. Yanzu sai in tara su cikin mako, in jera su a kaina bisa amalanke, wannan farko, wannan ya biyo, in hau tudu da su, in sauko da su. Taubashiya takan kawo mani tuwo, amma tana da jikoki da tumaki da shari'o'inta. In ta yi mani ihunta ta wuce, gidan sai ya koma kamar an kife mani ƙwarya a ka. In zamna ina ci ina kallon kaji, su ma bakinsu kawai ke motsi.

Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi kai. Duk abin da na sani game da zaman ma'aikaciya a gabas shi ne lafiya lau. Duk abin da ta sani game da nawa shi ne lafiya lau.

Wata ranar kasuwa, bisa amalanke, na yi nazari irin na masu ilimi. Na ce gaisuwar nan ita ke cinye batir. In aka cire ta, magana za ta samu wuri. Ranar kuma an wuni da hadari, pano bai ƙoshi ba balle ya ƙosar da wani, sai na ƙara tabbata ba ni da abin ɓarnatarwa. Na san yadda ake kallon mutumin da ke faɗa wa magana ba sallama, amma na ce ai takardun biro ma ba su tambayar gajiya, kuma ƙasa da su take tafiya. Washegari na hau tudu da niyyata. Sallamarta ta fara fitowa, ban jira ta ƙare ba, na danna alƙalami ƙarƙashinta. Na yi nufin in fara da katanga. Abin da hannuna ya rubuta daban:

“Gidan nan ya yi mani yawa.”

Rubutunta ya tsaya tsakiyar kalma. Shafin ya zamna haka nan. Ina ta jira, batirin da na tanada yana tsiyaya a banza. Can sai harufa suka fito, karkatattu, suna hawa juna, ba irin nata ba:

“Baba lafiya? Me ya faru? Wa ke kusa da kai?”

Na fara rubuta lafiya lau. Ina tsakiya, tsohuwa ta rufe ido.

Na sauko ina cewa to, kasuwa mai zuwa sai in gyara. Da azahar taubashiya ta faɗo gidan da salula a hannu.

“Me ka rubuta wa yarinya? Ta kira ni tana kuka! Na ce mata ƙalau kake, yanzu na ga ka wuce da dogayen ƙahwahunka kamar tsohon zalɓe. Har na rantse, ta ƙi yarda.”

“Don me za ta ƙi yarda?”

Taubashiya ta sauke salular. Sannan ta matso, ba da ihu sosai ba, sai da na karanta rabin maganar a leɓenta.

“Ranar da uwarta ta cika, wa ya kira ta? Ni. Me na ce mata? Na ce jiki da sauƙi, ta dai zo. Lokacin ana wanka.”

Haka ake yi, kowa ya sani, ba a jefa wa na nesa mutuwa ta cikin waya. Amma wanda aka taɓa yi wa ya gama yarda da “lafiya lau” ɗin waya. Uban da bai taɓa tsallake gaisuwa ba ya tsallake, ya faɗi magana irin ta masu barin wasiyya, na'ura ta yi shiru, gwaggo kuma ta ce ƙalau. Ko ni ne sai in hau mota. Na ce a kira ta in yi magana ta ji muryata. Aka yi ta kira, ba ta ɗauka ba. Daga baya ta gaya wa gwaggonta tana ganin kiran, tsoron ɗauka take.

Da ta iso rana tsaka ce. Ina zamne ƙarƙashin bedi ina shan fura, ludayi a baki, sai na ga inuwa a bakin zaure. Ta tsaya da jaka a hannu, mayafinta ya yi jajir da hanya, idanunta sun kumbura. Ta dube ni. Ba ta taɓa dubana haka ba, ido cikin ido, sannan daga hula har yatsun ƙafa, kamar mai duba ko wani abu ya ɓace. Ni ma na manta da rumbu. Furar na ɗiga bisa rigata.

Sannan ta tuna ko ita wace ce, ta sunkuyar da kai, ta durƙusa daga nesa. Ta ɗauko gaisuwa tun daga farko, ba ta bar ko ɗaya ba. Ban ji ba, amma na san jerin, na amsa kowace a wurinta. Muka kai ƙarshe ba abin da ya mutu.

Ta yi 'yan kwanaki. Ba ta tambaye ni me nake nufi ba, ni ma ban ce komi ba. Ta shiga ɗakin uwarta ta daɗe, ta fito ta sa aka kira magini ya liƙe katangar. Da safe in tana daka, ina kwance bisa tabarma, sai in ji bugun taɓarya yana bi ta ƙasa yana shiga bayana, dum, dum. Nakan yi kamar barci nake don kar a tashe ni daga wurin.

Ranar komawarta taubashiya ta zo da wuri, ta ce yau ta ɗaure tumakinta wuya da ƙafa. Ta sa aka fiddo na'urorin biyu aka aje bisa tabarma.

“Bawana, wace kake so?”

“Tsohuwar ta ishe ni,” na ce. “Mun saba. Waccan santsi gare ta, mutum mai daraja irina...”

“Ruhe mani baki, kurman banza! Kai da zaɓi? Da ka zaɓa ba ga shi ka taso yarinya daga bakin duniya ba, ta zo ta iske ka kana shan hura?” Ta fizge tsohuwar ta tura wa ma'aikaciya. “Ke can kuna da kuran, wutar lantarki, ki jona ta ga bango ta yi ta nishinta. Cikin daji ki yi da takarda, shanu ba su san bambanci ba.” Ta ɗauki sabuwar ta dangwara mani bisa cinya. “Na yanke. Mai magana ya biyo ni gidan mai gari, na san hanya.”

Na yi gunaguni daidai gwargwado. Na ce ana zaluntar tsofaffin ma'aikata a ƙasar nan. Ma'aikaciya ta sa tsohuwar cikin jaka, zaren buhun yana lilo waje, ta hau kabu-kabu.

Yanzu ba na zuwa Korgom sai in ina marmarin ganin mutane. Ɗan panon taubashiya ke ciyar da karsanata har ta yi gyatsa. Washegarin kasuwa in hau tudu, in lanƙwasa ta, alƙalami ya sulale. Mu yi gaisuwa cikakkiya, da gwiwa da gwaggo da mutanen wurin, in rubuta madalla, in ɗaga hannu, gilashin yana nan da haskenshi. Ba wanda ya gaya mani wannan ma wata wahala ce. Da, na'ura ce ke sallamarmu. Yanzu shafi ne fari fat kamar gonar da aka share, ga ni ga ɗiyar da ban taɓa yin hira da ita ba, kowa da alƙalami a hannu.

Ina koyo. Fulani sun sauko gonaki bayan girbi, na ga wata saniyarsu tana ɗingishi, na zana mata ƙafar. Ta ce wannan ƙafar tebur ce. Sannan ta cika shafi guda da bayanin ciwon kofato, na karanta shi duka, ban gane rabi ba, na ce ta ƙara bayani. Tun daga nan nake zagaya rugga da sandata ina neman dabba mara lafiya, har Fulanin sun fara kora shanunsu gefe in sun hango ni.

Amma labarin shanu ma yana ƙarewa. In ya ƙare ta rubuta “to”, in rubuta “to”. Ba mai rufewa. Akwai wani abu da na gano da kaina, ba wanda ya nuna mani. In ta riƙe alƙalaminta kusa da gilashinta can, ko ba ta rubuta komi ba, wani ɗan ɗigo yakan fito a shafina, yana rawa kaɗan-kaɗan yadda hannun mutum ke yi. Sai in jingina da gawo in yi ta kallonshi. Wani lokaci ya matsa gefen hagu inda ake fara layi, ya tsaya, ya komo. Ina jin nawa ma haka yake yi mata can.

Jiya mun daɗe haka, inuwa ta zagaya gawon ban sani ba. Sai ɗigon ya sauka ya zama harufa.

“Baba, nan an kira azahar.”

Na waiga gari, ba wanda ya ɗauki buta tukuna. Su na gabas suna riga mu. Na rubuta mata, “Nan da saura kaɗan.”

Ɗigon ya tsaya inda yake, yana rawa, ya jira tare da ni.